Narkewa Kala-Kala: Inda “Melt”, “Dissolve” da “Disintegrate” Suka Raba Hanya

Bahaushe kan ce ƙanƙara ta narke, man shanu ya narke a kasko, sukari ya narke a shayi, tuwo ya narke a ciki. Aikatau ɗaya ne ke yin duk wannan hidima, kuma ba mai rikicewa. In aka zo mayar da jimlolin nan huɗu Turanci, sai an nemo aikatau uku: “melt” ga ƙanƙara da man shanu, “dissolve” ga sukari, “digest” ga tuwo. Nan ɗalibai da masu rubuta rahoto da masu fassara ke yawan tuntuɓe, domin ƙamus yakan rubuta “narke” a gaban biyun farko ya bar mutum da zaɓi. Turanci ba ya duba yadda abin ya bayyana a ido. Abin da yake bi shi ne me ya jawo sauyin, da kuma me ya saura bayan an gama.

“Melt” aikin zafi ne. Abu ɗaya ne tilo, daskararre, zafi ya kama shi ya zama ruwa-ruwa, ba tare da an zuba shi cikin wani abu ba. Kowane abu yana da matakin zafin da yake sallamawa. Ƙanƙara a digiri 0 na ma'aunin Selsiyas, man shanu tsakanin 32 da 35, darma a 327, alminiyam a 660, zinariya a 1064, baƙin ƙarfe a 1538. Abin da ya narke ta wannan hanya bai canja jinsi ba, kuma da zafin ya janye zai koma yadda yake. Manjan da ya yi barci da hunturu, a ajiye shi kusa da murhu ya saki, a mayar da shi ɗaki ya sake daskarewa: wannan shi ne “melt” tsantsa.

“Dissolve” kuwa ba ya yiwuwa sai da abu biyu, wanda ake narkarwa da ruwan da ake narkar da shi a ciki. Ba zafin shayi ne ke narkar da sukari ba, ruwan ne. Ko a ruwan randa aka zuba shi zai narke, sai dai ya ɗauki lokaci. Zafi da juyawa da cokali hanzarta aikin kawai suke yi. Ƙwayoyin sukarin suna rarrabuwa ne su bazu cikin ruwan har ido ya daina ganinsu, amma suna nan, harshe ne shaida.

Gishiri ya fi kowane misali fito da bambancin. Kafin gishiri ya yi “melt” sai zafi ya kai digiri 801, abin da tukunyar miya ba za ta taɓa kaiwa ba, tun da ruwa yana tafasa a wajen 100. Saboda haka mai cewa “The salt melted in the soup” ya ba da labarin abin da bai faru ba. Daidai shi ne “The salt dissolved in the soup.” Akwai kuma wata alama: narkewa cikin ruwa tana da iyaka. Lita ɗaya ta ruwa a digiri 20 tana ɗaukar gishiri kimanin giram 360, in aka ƙara sai ya kwanta a ƙasa komai juyawa. Sukari ya fi samun karɓuwa, domin litar nan tana iya shanye kusan kilo 2. “Melt” ba ruwansa da irin wannan iyaka. Muddin wuta na ci, ko tan guda na ƙanƙara zai zama ruwa. Hanyar komawa ma daban take. Abin da ya yi “melt” sanyi ke dawo da shi, wanda ya yi “dissolve” kuwa sai ruwan ya ƙafe. Haka masu gishirin Bilma suke yi: ruwan gishiri a ramuka, rana ta janye ruwan, gishirin ya fito a kwashe. Wannan ƙafewar ita ce “evaporate”.

Abu ɗaya yana iya karɓar kalmomin biyu, gwargwadon abin da aka yi masa. In aka zuba sukari a busasshen kasko aka ɗora a wuta, zai zama ruwa mai danƙo, ya yi ja, in aka yi sakaci ya ƙone ya yi ɗaci. Littattafan girki na Turanci suna kiran wannan “melt the sugar”, kuma daidai ne, domin babu ruwa a wurin. In aka ce “dissolve the sugar in warm water”, to ruwa za a nema. Mai girkin da ya musanya su zai ɓata ko dai kaskonsa ko kayan haɗinsa.

Gaskiya ne a hirar yau da kullum ana jin Turawa kansu suna sassautawa, musamman a karin maganar nan “It melts in the mouth”, da ake yi wa abinci mai taushi. Amma a takardar jarrabawar kimiyya ta WAEC ko NECO, ko a rahoton ɗakin gwaji, babu wannan sassauci. Wanda ya rubuta cewa gishiri ya yi “melt” a ruwa ya nuna bai fahimci darasin ba, ba Turancin kaɗai ba.

Ba duk abin da aka dama ne ya narke ba, kuma nan ma ana kuskure. Gasara ko kamu in aka kwaɓa da ruwan sanyi, ruwan yana yin fari, amma a bar shi na ɗan lokaci za a tarar ya kwanta, ruwa ya taso sama. Bai yi “dissolve” ba. Abin da aka yi shi ne “mix” ko “stir”. Kanwa kuwa tana narkewa, sai dai ƙasar da ke jikinta ta kwanta. Gwajin mai sauƙi ne: in an bar shi ya kwanta ko an iya tace shi da rariya, ba “dissolve” ba ne. Sai kuma “dilute”, wanda ake yi wa abin da tun asali ruwa ne, a ƙara masa ruwa don a rage masa ƙarfi, kamar maganin feshin gona ko lemon kwalba mai kauri.

A takardar magani wannan bambanci ya wuce batun iya Turanci. A jikin fakitin haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, wanda aka yi don lita guda, umarnin shi ne a yi “dissolve” ɗin garin duka cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ma'anarsa a juya har garin ya ɓace, ba a ɗora a wuta ba, ba kuma a raba fakitin a kofi ba, domin in ruwan ya yi kaɗan gishirin zai yi wa yaro yawa. Haɗin gida ma haka yake: ƙaramin cokali 6 shafaffu na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya.

Masu harhaɗa magunguna su ne suka fi kowa tsare iyakar “dissolve” da “disintegrate”, don a wurinsu matakai biyu ne da ke bin juna. Ƙwayar magani in ta shiga ciki, da farko tana shan ruwa ta kumbura ta dagargaje zuwa ƙananan gutsattsari: wannan shi ne “disintegrate”. Daga nan sinadarin da ke cikin gutsattsarin ya narke cikin ruwan ciki, jiki ya samu damar shanye shi: wannan shi ne “dissolve”. Kowanne da gwajinsa daban a masana'anta. A ƙa'idar magunguna ta Birtaniya, ƙwaya marar rufi ana son ta dagargaje cikin minti 15, irin wadda ake jiƙawa a ruwa kafin a ba yaro kuwa cikin minti 3. Ƙwayar da aka matse da yawa wajen bugawa tana iya wucewa ta cikin mutum ba ta dagargaje ba, wata kuma ta dagargaje amma sinadarin ya ƙi narkewa da wuri. Duk biyun maganin ba zai yi aiki yadda ake so ba. Irin ƙwayar zinc da ake ba yara masu gudawa an rubuta mata “dispersible”, wato tana watsewa a cokalin ruwa ko nonon uwa, ruwan ya yi gari-gari, a ba yaro haka nan.

Sai “thaw”, wanda Hausa ba ta ware masa kalma ba sai dai a ce ƙanƙarar jikin abu ta saki. Kaza ko kifin da aka fitar daga firiza ba ya yin “melt”, domin naman ba zai zama ruwa ba. Ƙanƙarar da ke cikinsa ce ke narkewa, shi kuma ya yi laushi. Don haka “Thaw the chicken” ko “Defrost the chicken”. In aka ce “The chicken melted”, mai sauraro zai hango kaza ta zama romo. A ƙasashen sanyi haka ake faɗa wa ƙasa da kogi da bututun ruwa bayan hunturu. Daga nan 'yan jarida suka aro kalmar: ƙasashe biyu da suka daɗe ba sa ga-maciji in suka fara magana, sai a ce an samu “a thaw in relations”.

“Melt” yana da siffofi biyu da ake ruɗawa. “Melted” na abubuwan da ƙaramin zafi ke narkarwa ne: “melted butter”, “melted chocolate”. “Molten” na waɗanda sai wuta mai tsanani: “molten iron”, “molten lava”. Kuma “molten” siffa ce kawai, ba a cewa “The iron has molten”. Sai dai “The iron has melted”. Kusa da shi akwai “smelt”, da harafi ɗaya ya raba su amma sana'a biyu ce. Masu zubin tukunya da ke tara gwangwanayen lemo da tarkacen alminiyam su narkar su zuba a kwarmin yashi, “melt” suke yi, ko “melt down”, domin ƙarfen dama ƙarfe ne. Maƙeran da can da ke haƙo tama su gasa ta da gawayi har ƙarfe ya rabu da dutse, “smelt” suke yi, domin fitar da ƙarfen suke daga ma'adininsa.

Idan aka koma ɓangaren fashewa, sai lamarin ya juya: Hausa ce ke rarrabewa, Turanci ya dunƙule. Tulu fashewa yake, sanda karyewa, igiya tsinkewa, amma “break” ya wadatar da su duka. Mai Hausa ba ya shan wahala a nan. Wahalar tana zuwa ne in ana son kalmar da ta fi “break” nuna yadda abin ya faru. “Crack” tsagewa ce, abin bai rabu ba, kamar bangon da ya yi tsaga ko fuskar waya. “Snap” karyewa ko tsinkewa ce farat ɗaya da ƙara. “Burst” fashewa ce ta matsin da ke ciki, irin ta taya da bututu da madatsar ruwa. “Shatter” na abu mai ƙarfi marar lanƙwasuwa ne, gilashi ko tangaran, ya tarwatse nan take zuwa gutsattsari masu kaifi. “Smash” yana ɗauke da ƙarfin bugu, yawanci da mai bugun.

“Crumble” da “disintegrate” su ne suka fi kusa da juna, kuma suna buƙatar a tsaya a kansu. “Crumble” marmashewa ce: abu busasshe ko tsoho yana zubewa kaɗan-kaɗan ya zama gari. Ɗan'uwan “crumb” ne, wato ɓarɓashin burodi. Ƙuli-ƙuli a tafin hannu, katangar ƙasa da damina ta ci shekara da shekaru, bulon da aka yi wa rowar siminti, duk “crumble” suke yi. Kalmar tana ɗauke da jinkiri da rauni daga ciki. “Disintegrate” ba ya damuwa da sauri ko jinkiri, ba ya kuma damuwa da bushewa ko jiƙa. Abin da yake nunawa shi ne abin da yake dunƙule ɗaya ya daina zama ɗaya, har ba a iya nuna shi a ce ga shi. Kwalin da ya kwana cikin ruwan sama yana “disintegrate”: bai narke cikin ruwan ba, gutsattsarinsa na nan suna yawo, amma babu sauran kwali. Kumbon Amurka mai suna Columbia, ranar 1 ga Fabrairu 2003, yana dawowa duniya ya tarwatse a sararin samaniyar jihar Teksas da 'yan sama-jannati 7 a ciki, kuma kalmar da rahotanni suka yi ta amfani da ita ke nan, “disintegrated”. Ba a ce “crumbled” ba, don abin cikin ɗan lokaci ya faru. “Shattered” kuma zai sa a ɗauka abu ɗaya ne kamar gilashi, alhali na'ura ce mai dubban sassa da suka rabu da juna.

Asalin kalmomin yana taimakawa wajen riƙe su. “Disintegrate” daga tushen Latin yake mai ma'anar cikakken abu, shi ne dai tushen “integer” na lissafi, sai aka sa masa “dis” na warwarewa. “Dissolve” daga aikatau ɗin Latin mai nufin kwancewa. “Melt” da “thaw” kuwa tsofaffin kalmomin Ingilishi ne na gida. Shi ya sa na Latin ɗin suka fi zama a takardun kotu da na gwamnati da na kimiyya, a baki kuma aka fi jin “fall apart” da “break up”. Takalmin da ya mutu, mai shi zai ce “My shoes are falling apart”. In ya ce “disintegrating”, ko dai zolaya yake ko yana son a ji ya yi karatu.

A labaran siyasa da shari'a ne bambancin ya fi nauyi, domin zaɓin kalma yana nuna wanda ke da alhaki. “Dissolve” a nan aikin mai iko ne: akwai wanda ya sa hannu, akwai ranar da abin ya fara aiki. Gwamna ya rushe majalisar zartarwarsa, “The governor dissolved his cabinet.” Shugaba Mamadou Tandja ya rushe majalisar dokokin Nijar ranar 26 ga Mayu 2009, “dissolved the National Assembly”. “Disintegrate” ba shi da mai sa hannu. Abin ne ke wargajewa da kansa, ɓangare bayan ɓangare. Cekoslobakiya ta rabu biyu cikin lumana bisa dokar da majalisarta ta zartar, Jamhuriyar Cek da Sulobakiya suka tsaya da ƙafafunsu ranar 1 ga Janairu 1993, shi ya sa aka fi kiran abin “dissolution”. Yugoslabiya kuwa tun daga 1991 ta riƙa ɓallewa cikin yaƙe-yaƙe, sai aka fi cewa “disintegration” ko “break-up”. Tarayyar Sobiyet tana karɓar duka: mai cewa “dissolution” yana nufin matakin hukuma na Disamba 1991 da ya bar ƙasashe 15, mai cewa “disintegration” yana nufin shekarun da jamhuriyoyin suka yi suna zamewa, mai cewa “collapse” yana kallon yadda ginin mulkin ya rufta. Mai fassara da ya mayar da su duka “rushewa” ya zubar da rabin abin da marubucin ke nufi.

Aure ma haka. A dokar auren rajista ta Najeriya ta 1970, hujjar da ake kai wa kotu ita ce auren ya “broken down irretrievably”, wato ya lalace ba gyara, sannan alƙali ya ba da hukuncin “dissolution”. Auren ne ke “break down”, ma'auratan ne ke “break up” ko “split up”, kotu ce ke “dissolve”. Miji da mata ba sa “dissolve” da kansu. “Break down” ɗin nan shi ne kuma na mota da janareta da tattaunawar sulhu.

Taron jama'a yana “disperse”, ko da kansa ko 'yan sanda su tarwatsa shi. In aka ce “The crowd melted away”, to sulalewa aka yi ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya lura. Fushi da tsoro da goyon baya su ma suna “melt away”. Zuciya tana “melt” in tausayi ya kama ta. Amma mai fashewa da kuka “dissolve into tears” yake yi, da “into”, ba “in” ba. Ƙaramar kalmar nan tana da aiki: “dissolve in” tana nuna ruwan da aka narkar da abu a ciki, “dissolve into” tana nuna halin da aka rikiɗe aka shiga. “Meltdown” kuwa narkewar cibiyar injin nukiliya ce, kamar abin da ya faru a Canobil ta Yukren a Afrilun 1986, daga baya aka aro shi ga durƙushewar kasuwannin kuɗi irin ta 2008, har ga yaron da ya birkice da kuka a kasuwa.

A nahawu, yawancin waɗannan aikatau suna aiki ta fuska biyu ba tare da sun canja siffa ba. Hausa tana cewa “ya narke” da “ya narkar da shi”. Turanci yana cewa “The butter melted” da “She melted the butter”. Haka “dissolve”, “break”, “shatter”, “crumble”, “thaw”. Kuskuren da aka fi yi shi ne cusa “was” inda babu mai aikatawa. “The ice was melted” yana sa a tambaya, wa ya narkar da ita? In rana ce kawai ta yi aikinta, “The ice melted” ya isa. “Disintegrate” kusan kullum shi kaɗai yake tsayawa ba karɓau. “Collapse” kuwa shi ne babban tarkon mai Hausa, saboda “rushe” namu yana hawa biyu: gini ya rushe, hukuma ta rushe gini. Na farko “The building collapsed”, na biyu “The authorities demolished the building” ko “pulled down”. Jimlar “The building was collapsed by the rain” ba ta zauna ba, sai a ce “The building collapsed after heavy rain.”

Ruɓewa gida ne daban: “rot” a baki, “decay” ga haƙori da itace, “decompose” a rahoton likita da na kimiyya, duk aikin ƙananan halittu ne. Ruwa da iska suna “erode” ɗin ƙasa, wato zaizaya. Tsatsa da ruwan batir suna “corrode” ɗin ƙarfe.

Wajen furuci, “dissolve” ana rubuta shi da “s” biyu amma ana furta shi da sautin “z”, kamar “dizolb”, alhali sunansa “dissolution” da sautin “s” yake fita. Ruwan da aka narkar da abu a cikinsa “solution” ne, abin da ke narkewa “soluble”, wanda ba ya narkewa “insoluble”, amma aikatau ɗin ba “solve” ba ne. “Solve” na lissafi da matsala ne, ba a yi wa sukari. A kuma kula da “crumble” da “crumple”, musamman ga mai Hausa da “p” ke ba wahala: na biyun cukuikuyewa ne, irin ta takardar da aka dunƙule a hannu ko gaban motar da ta yi karo, abin ya yamutse amma ko gutsure ɗaya bai zube ba.